Marainiyar da Yaya Isaak Ya Bari

Ku yi haƙuri da shirun da na yi muku. Na ga saƙonninku na ta'aziyya, na karanta su duka, wasu ma na maimaita, amma duk sanda na ɗauki waya zan amsa sai yatsuna su ƙi. Na gode. Ga waɗanda yau suka fara biyo ni, sunana Justina Doerksen, daga wani ƙauye kudu da Winkler. Yayana Isaak ne muka binne kwanan baya, a ƙasar da sanyi ya daskarar, sai da aka gasa ta da wuta kafin ta haƙu.

Ranar da zan ba ku labarinta, na tashi a gidan hayarsa na Winnipeg, na dafa shayin mutum biyu kamar kullum, na zubar da rabi. Ina tsaye a kicin wayata ta yi ƙara. Saƙo ne daga zauren tattaunawar Tamarak na intanet, kuma abin da aka rubuta a samansa shi ne: “Sakata ta zama marainiya.”

Na san wasunku za su ce mene ne kuma haka. Tamarak tsari ne da ke tafiyar da kwamfuta, irin wanda mutane ke haɗuwa su gina kyauta, kowa da ɓangaren da yake riƙe da shi. Sakata ita ce ɓangaren da ke tare mutum a bakin ƙofa, ta tambayi sunansa da kalmar sirrinsa, ta bar shi ya shiga ko ta hana. Ba Yaya ne ya ƙirƙire ta ba, wasu ne can ƙetaren teku suke rubuta ta. Aikinsa shi ne duk sanda suka fitar da sabuwa ya karɓa, ya gyara ta ta zauna daidai a Tamarak, ya gwada, ya ƙunshe, ya buga hatiminsa, ya aika wa duniya. Idan mai riƙe da ƙunshi ya mutu ko ya gaji, sai a soke hatiminsa, a yi shela cewa ƙunshin ya zama maraya, wanda zai ɗauka ya fito. Haka suke faɗa, ba ni na ƙirƙira ba.

Na zauna a ƙasan kicin da wayar a hannuna. Ashe mu biyu ya bari.

Ni ban yi nisa a makaranta ba. A wajenmu da yarinya ta iya karanta Littafi Mai Tsarki, ta iya awon fulawa, an ce ya isa. Da ciwon nan mai cinye ƙarfin jiki ya kama Yaya, Mama ta turo ni birni in riƙa yi masa girki da wanki. Da farko cokali ne ya gagare shi. Daga baya maɓallan riga. Wata rana ina goge-goge ya kira ni.

“Tina, zo ki ara mini yatsu.”

Na zauna a gaban kwamfutarsa, yana faɗar harafi ina nema.

“Kazar Mama ta fi ki saurin tsattsaga,” in ji shi.

“To kira ta ta zo ta yi maka.”

“Ita ba ta mayar da magana. Danna ki gani.”

Haka muka fara. Sannu a hankali na daina jiran ya faɗi harafi, na koma jiran ya faɗi abin da yake so. Da muryarsa ta tafi, sai ni nake yi, shi yana kallo, in daidai ne ya lumshe ido, in na yi shirme ya kafe ni da kallo har in gano. Abu ɗaya ne bai taɓa bari na yi ba, wato buga hatimi. Ɗan makulli ne kamar yatsan jariri, ana cusa shi a jikin kwamfuta, sai mai shi ya taɓa. Sai in ɗaga hannunsa, in kama wuyan hannun, in sauke yatsansa a kai. Tun yana iya magana ya ce mini hatimi na mai shi ne, ko matarsa ba ta taɓa masa, balle ƙanwa.

Kowane ƙunshi ana rubuta sunan wanda ya yi aiki a jikinsa. Yaya ya so ya sa nawa. Na roƙe shi har da kuka kada ya sa. Mutanen cocinmu ba sa son sunan mace yana yawo a duniya, ni kuma ko a kan tebur ba na iya cewa a miƙo mini gishiri. Ya ce zan yi nadama. Na ce na ji. To ga shi nan kuwa. A idon Tamarak babu wata Justina.

Saura abu ɗaya da ya kamata ku sani. Dokar da Yaya ya fi nanata mini ita ce, idan za ki gwada sabuwar Sakata, ki bar taga ɗaya a buɗe a fuskar kwamfuta inda kin riga kin shiga, ki gwada shiga ta wata. Don idan gyaran ya lalace, kowa ta kulle a waje, har ke. Ba a rufe tsohuwar taga sai sabuwa ta buɗe. Tagar da muka buɗe a gwajinmu na ƙarshe tana nan a fuskar kwamfutar, baƙa, da sunansa a gefe, ɗan haske yana ƙifta ido. Ya shiga asibiti kafin mu rufe ta. Tun daga ranar nake zagaye ta da tsumma.

Kafin azahar na ji an ƙwanƙwasa. Mama ce da Gwaggo Greta, ƙanwar marigayi Baba, da kwalaye a ninke a hammata.

Mama ta ɗaura baƙin kallabinta na coci, da doguwar rigarta mai duhu mai ƙananan furanni, ta ɗora tsohon kwat ɗin Baba a kai. Ta rame. Ta kama fuskata da hannuwa masu sanyi ta juya ni wajen haske.

“Ba kya cin abinci.”

“Ina ci, Mama.”

“Ci take, ai ga shi nan har iska na neman ɗaukar ta,” in ji Gwaggo, ta dire tukunyar miyar kabeji da jakar burodi mai hawa biyu a kan tebur. “Ke kuma wannan wandon na waye? Haka kike fita?”

“Na Yaya ne. Sanyi ake yi.”

“Mu a ƙauye zafi ake yi ke nan.”

Gwaggo ba ta aiki sai da 'ya'yan furen rana a aljihu. Tana ɓarza tana tofa ɓawon a kofin shayi, tana cusa rigunan Yaya a kwali. Mama ita kowace riga sai ta ninke ta, ta shafa, ta riƙe ta a ƙirji kafin ta ajiye. Mai gidan haya ya ce ƙarshen wata yake son ɗakinsa, don haka yau za a kwashe komai, ni ma a kwashe ni.

“Dietrich Harms ya zo ya share mana ƙanƙarar ƙofar gida,” in ji Mama, ba ta kalle ni ba. “Ba wanda ya sa shi.”

“Allah ya saka masa.”

“Ran Lahadi shi da mahaifiyarsa za su zo shan shayin la'asar.”

Kada ku ɗauka Dietrich mugu ne. Mutumin kirki ne, yana da gonar dankali da manyan motoci, ya girme ni kaɗan, tare muka yi ajin waƙa a coci. Ba wanda ya ce dole. A gidanmu ba a cewa dole, sai dai a yi ta ajiye maka kujera har ka ji kunyar ƙin zama.

“Yaron nan kunnuwansa kawai ne matsala,” in ji Gwaggo, “kuma da hula an gama. Me kike jira? Jinya ta ƙare. A shekarunki mata suna da 'ya'ya uku.”

“Akwai aikin Yaya da ban gama ba.”

Mama ta ɗago ta dubi kwamfutar da ke kusurwa kamar ta ga maciji.

“Wannan akwatin ya raba ni da ɗana tun yana da ƙafafunsa. Shi ya fitar da shi daga gida. Ba zai ƙara da ke ba.” Muryarta ta karye. “Gidan ya yi mini girma, Tina. Ina magana ina jin muryata tana dawo mini.”

Ku gaya mini, me ake ce wa uwa bayan wannan? Na shiga bayi na kunna famfo don kada su ji ni.

Ina ciki na ji injin shara ya tashi. Sai da na wanke fuska na fito na lura. Soket ɗaya ne a wannan kusurwar. Gwaggo ta zare wayar kwamfuta ta jona injin.

Fuskar ta yi baƙi ƙirin. Babu sunansa, babu ɗan hasken nan.

“Gwaggo,” na ce.

“Me? Ai ba kallo kike ba, ba komai a ciki sai baƙi.” Ta kashe injin ta dube ni. “Ke lafiya? Na ɓata wani abu ne?”

“A'a. Ba ki ɓata komai ba.”

Kuma gaskiya ne, ba abin da ya ɓace. Taga ce kawai. Amma ko ranar jana'iza ban ji tafiyarsa haka ba.

Sai ga saƙon Taras.

“Kin ga shelar?”

“Na gani.”

“Ina wajen ajiye motoci. Na kawo miki wani abu. In ba za ki iya fitowa ba, ba komai.”

“Mama tana nan.”

“Na ga motar. Shi ya sa ban ƙwanƙwasa ba.”

Taras Hrynko shi ma yana riƙe da wasu ƙunsoshi a Tamarak, a asibiti yake aikin kula da kwamfutoci. Shi kaɗai ne ɗan Tamarak a garin nan, don haka duk Asabar yakan zo wajen Yaya, ya kawo ɗan wainar dankalin da kakarsa ke naɗewa, ya gyara tayar keken guragun Yaya, ya zauna a bayanmu yana kallon muna aiki. Ba ɗan cocinmu ba ne. Mama ba ta san da shi ba. Ni kuma ban taɓa kallonsa ido da ido ba, amma na san takun ƙafarsa a baranda.

Na ce zan kai shara. Na zura takalmin ƙanƙara, na yafa mayafin ulu a kan gashina, na fita.

Motarsa ta yi ɗumi, tana warin kofi. Yana sanye da hular nan mai ruwan lemo da kakarsa ta saƙa masa, wadda Yaya ke cewa ana hango ta tun daga lardin Saskatchewan, can nesa. Ya miƙo mini ɗan kwali. Na buɗe. Makullin hatimi ne, sabo, ba a taɓa cusa shi ko'ina ba.

“Naki ne,” in ji shi. “Ba wanda ya fi ki sanin Sakata a Tamarak. Wani daga Ohio ya riga ya ce zai ɗauke ta in ba kowa. Ba laifinsa, amma bai taɓa buɗe cikinta ba.”

“Ni ba su san ni ba.”

“Shi ne matsalar.”

“Kai ka san ni.” Ban san inda na samo ƙarfin faɗar haka ba. Ina kallon gwiwata na faɗa. “Yaya ya ce sabon shiga yana buƙatar wanda zai tsaya masa. Ka tsaya mini.”

Ya cire hular, ya mayar, ya sake cirewa.

“Justina, kin san abin da mai tsayawa yake rantsewa?”

“Cewa ya ga aikina da idonsa.”

“Wannan rabi ne. Sauran shi ne babu komai tsakaninsa da wanda yake tsaya wa. Ba jini, ba ciniki, ba soyayya. A sauran ƙunsoshi ana ɗan ɗaga ƙafa, ban da Sakata. Ƙofar kowa ce. Ba sa son a ce wani ya miƙa wa nasa makullin gidajen mutane don yana jin daɗinsa.”

“To ai babu komai tsakaninmu.”

“A ɓangarenki ban sani ba.” Ya dafe sitiyari da hannu biyu. “Ni a nawa akwai. Kina tsammani tayar keken Isaak ce take lalacewa duk Asabar? Shi ya gane tun tuni. Yakan kalle ni yana dariya da ido, ni kuma ina kwance ƙusar da na ɗaure makon jiya.”

Jama'a, na daɗe ina tunanin yadda zan ji idan wani ya faɗa mini irin wannan magana. Na ɗauka daɗi zan ji. Abin da na ji shi ne kamar an rufe mini ƙofa a fuska da hannu mai taushi. Mutum ɗaya ne a duniya ya ga abin da yatsuna suka yi, kuma son da yake mini ya sa shaidarsa ta zama banza.

“Ka janye,” na ce. “Ka ce ba ka faɗa ba.”

“Ko na janye yana nan.”

“Ba wanda zai sani.”

“Ni zan sani. Ke ma haka. Kuma ke ce kike ɗaga hannun Isaak kina ɗorawa a kan makulli, alhali ba wanda zai gan ki da kin taɓa da kanki. Kada ki ce in yi abin da ke ba ki yi ba.”

Na juya ina kallon gilashi. Wani tsoho yana jona motarsa da wuta don kada injin ya daskare, igiyar tana ƙin miƙewa.

“Shi ke nan, ta tafi Ohio.”

“Akwai wata hanya, amma ba za ki so ta ba. Ki rubuta a zaure da kanki, da cikakken sunanki. Ki faɗi abin da kika yi. Marguerite ce shugabar kwamiti, mace ce mai tsauri amma tana sauraro.”

Zauren nan kowa a duniya yana iya karanta shi, kuma abin da aka rubuta ba a gogewa har abada.

“In na rubuta za su tambayi wanda ya gani.”

“Za su tambaya. Zan ce na gani. Sannan zan ce kada su dogara da maganata, in faɗi dalili.”

“A gaban kowa?”

“Haka ake yi. In ba kya so, kada ki rubuta, ni kuma ba zan buɗe baki ba. Ki tafi gida, ba wanda zai ga laifinki.”

Na tuna Mama tana shafa rigunan Yaya. Na tuna kujerar ran Lahadi. Na tuna 'yar Gwaggo da ba abin da ke wuce ta a waya, da matan coci da yadda suke yin shiru idan mutum ya shigo. Duk rayuwata ban taɓa sakin wuri ba sai na tabbatar akwai wanda zai karɓe ni. Yanzu babu tabbacin komai.

Na ciro wayata. Na yi ta rubutawa ina gogewa ina sakewa. Ga abin da na aika, da ɗan Turancina: “Sunana Justina Doerksen. Ni ƙanwar Isaak ce. Tun da hannunsa ya daina aiki ni nake ƙunshe Sakata yana kallo, shi yake buga hatimi. Ni na hana shi sa sunana. Ina so in ɗauke ta.”

Da saƙon ya tafi, Taras ya ce, “Kin manta gaisuwa.”

“Ka bar ni.”

“Ni ban ce komai ba. Isaak ma bai taɓa gaishe su ba.”

Na fita daga motar ban yi masa sallama ba, na bar sharar a kujerarsa. Sai da na shiga baranda na tuna.

Mun ci miyar kabeji a tsaye don an riga an fitar da kujeru. Hasken rana ya fara ja, kun san yadda take saurin tafiya a wannan wata. Gwaggo ta tada mota tana ɗumama ta. An kai gado, an kai kwalaye, keken Yaya an bar wa maƙwabciya ta mayar asibiti. Kwamfuta ce ta rage. Mama ta ce ɗan Gwaggo zai sayar da ita a Winkler.

Na naɗe wayoyinta, na rungume ta a ƙirji. Tana da nauyi, hannuna biyu a cike.

“Kawo wayar salularki in riƙe miki kada ta faɗi,” in ji Mama.

Muna bakin ƙofar waje, wadda take kulle kanta, wayar ta yi haske a hannunta. Ta sake yi. Mama ba ta da saurin karatun Turanci, da yatsa take bi. Na tsaya ina kallon yatsan yana tafiya, ba hannun da zan karɓe ta da shi.

“Wace ce Marguerite?”

“Shugabar su Yaya ce.”

“Ta ce ba su san ki ba. Ta ce tunda ba mai tsaya miki, su za su gani da idonsu. Wai ki kunna kyamara ki yi aikin a gabansu.” Yatsan ya tsaya. “Ran Lahadi da la'asar. Ta ce ranar kaɗai duk suke da sarari. In ba ki zo ba, za a ba wani.”

Ta ja saƙon ƙasa. Na ga fuskarta ta canja tun kafin ta yi magana.

“Wane ne Taras?”

Na gyara riƙon kwamfutar a ƙirjina.

“Tina, ina tambayar ki. Wane ne wannan da yake gaya wa duniya ya ga aikinki, amma kada a yarda da shi don yana son ki da aure? Da sunanki. Da sunan mahaifinki.”

“Abokin Yaya ne.”

“Ɗan ina ne? Wane coci?”

“Ba namu ba.”

Gwaggo ta danna hon. Mama ba ta waiwaya ba. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Idonta ne kawai ya ciko, ta dubi kwamfutar da ke hannuna, ta dube ni.

“Haka yayanki ya tsaya,” ta ce a hankali. “A bakin ƙofar gida, da akwati a hannu. Na ce masa ya ajiye. Ban sake ganinsa a tsaye ba sai a hoto.” Ta share hanci da bakin kallabi. “Ki sa ta a mota, ko ki mayar da ita ciki. Ba zan tambaye ki sau biyu ba.”

Hannuna ya fara sagewa. Iska tana shigowa ta ƙofar, tana watso mana ƙanƙara a ƙafa.

“Mama, riƙe mini ƙofar ciki.”

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta wuce gabana, ta tura ƙofar da kafaɗa, ta kawar da fuska gefe. Da na zo wucewa ta cusa mini wayar a aljihun wandon Yaya.

“Zan ajiye kujerarki ran Lahadi,” ta ce. “Zan zuba miki shayi. Idan ya huce ba kowa, ke kika sani, ni ba zan yi wa mahaifiyar Dietrich ƙarya ba.”

“Mama.”

“Akwai sauran miya a firji. Ki ɗumama, kada ki sha da sanyi.”

Ƙofar ta kulle kanta a bayanta. Ta taga na ga ta shiga mota, Gwaggo tana ta magana da hannu, ita ba ta amsa. Sun daɗe ba su tashi ba. Daga baya suka tashi.

Ɗakin babu komai sai sawun tayoyin keke a jikin dadduma da kofin ɓawon da Gwaggo ta manta. Taras ya turo saƙo: “Ki yafe mini.” Ya ƙara wani: “Shararki tana wajena.” Ban amsa ko ɗaya ba. Ban san ko haushinsa nake ji ba, ko kewarsa.

Na ajiye kwamfutar a ƙasa, na jona ta, na zauna na naɗe ƙafa. Ta kunnu. Sakata ta tare ni a bakin ƙofa kamar yadda take tare kowa, tana tambayar suna. Sai a lokacin na tuna ba ni da suna a wannan kwamfutar. Duk tsawon zaman nan da nasa nake shiga.

Kafin in buɗe wa kaina ƙofa, dole in shiga da sunansa sau ɗaya na ƙarshe. Na rubuta. Yatsuna sun san kalmar sirrin, sunan karen da muka yi muna yara. Na shiga, na yanka wa Justina nata wurin, na bar tagarsa a buɗe kamar yadda ya koya mini, na koma wata tagar na rubuta sunana. Harafi bayan harafi, kamar kazar Mama.

Ta buɗe.

A doka, da sabuwar taga ta buɗe sai a rufe tsohuwa. Ran Lahadi Marguerite za ta ga fuskar kwamfutar nan gaba ɗaya, kuma ba za ta so ta ga sunan mamaci a buɗe kusa da nawa ba. Na sani. Ran Lahadin nan kuma akwai shayin da zai huce a kan teburin Mama.

Yanzu da nake rubuta muku, tagogin biyu suna gabana, tawa da tasa, kowace da ɗan haskenta yana ƙiftawa. Yatsana yana kan maɓallin. Ba wanda zai kama mini wuyan hannu ya sauke shi.